Yadda Muka Shirya Makon Jituwar Addinai a Zariya

Duk shekara, daga 1 zuwa 7 ga Fabrairu, akwai mako guda da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don jituwa tsakanin mabiya addinai. Sarki Abdullahi na Biyu na ƙasar Jodan ne ya kai shawarar gaban babban zauren majalisar a Satumbar 2010, aka amince da ita ranar 20 ga Oktoba na wannan shekarar, ba ƙasar da ta ja. Ba a turo wa kowa kuɗi, ba a kuma naɗa kowa wakili. Duk wanda ya ga zai iya, masallaci ne ko coci ko makaranta ko 'yan unguwa, sai ya shirya wani abu a garinsu, ya shigar da shi a shafin intanet na makon, in ya gama ya aika da rahoto. Mu a nan Zariya mun yi namu a 2024. Zan ba da labarin yadda muka bi, don mai niyyar yi a unguwarsu ya san inda wuyar take tun kafin ya fara.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, haifaffen Tudun Wada. Wanda muka ɗauki aikin tare malamin lissafi ne a makarantarmu, Bahaushe Kirista ɗan Wusasa, wanda kakansa ya yi karatu a hannun 'yan mishan bayan da Dakta Miller, Baturen mishan, da jama'arsa suka tashi daga cikin birni suka koma can a wajajen 1929. Ranar da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta kan masu sallar la'asar, cikin Agustan 2023, shi ya fara kirana ya ji ko ina lafiya. Da muka haɗu ya yi mini jaje, sai hira ta gangara kan ginin kansa. Ya ce duk sanda ya shiga tsohuwar cocinsu ta St. Bartholomew ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da aka ɗaura da ƙasa da azara, yakan ga hannun maginan Zazzau, magada sana'ar Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin. "Amma Malam," in ji shi, "cikin ɗalibanmu Musulmi wa ya taɓa taka Wusasa in ba asibiti ya kai shi ba? Cikin namu kuma wa ke shiga ta Ƙofar Doka hankalinsa kwance?" Daga nan aka faro.

Ba mu so mu je gaban malamai da fastoci hannu rabbana, don haka muka fara da karatu. Muka nemo takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam da Fafaroma Faransis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa wa hannu a Abu Dabi ranar 4 ga Fabrairun 2019. Muka nemo sanarwar Marakesh ta Janairun 2016, inda malaman Musulunci daga ƙasashe da dama suka kafa hujja da Yarjejeniyar Madina wajen kare haƙƙin waɗanda ba Musulmi ba a ƙasashen da Musulmi suka fi yawa. Akwai wasiƙar da malamai 138 suka rubuta wa shugabannin Kirista a 2007, wadda suka ciro sunanta daga aya ta 64 a Suratu Ali Imrana. Abokina ya kawo takardar da babban taron Cocin Katolika ya fitar a Oktoban 1965, wadda ta ce cocin na kallon Musulmi da girmamawa, ta kuma roƙi a bar husumar baya. Ni kuma, saboda darasin da nake koyarwa, na dage sai an sa yarjejeniyar duniya ta kawar da wariyar launin fata, wadda aka zartar a Disambar 1965. A lokacin abokina yana ganin wannan ta fita daga abin da ya tara mu. Na ce a bar ta dai.

Muka taƙaita su duka da Hausa a shafi kaɗan, muka buga, muka yi fotokwafi. Wannan ya ɗauki lokaci, amma ba shi ne aikin ba. Aikin yana zaurukan mutane. Zumunta a ƙafa take, kuma duk wanda ya ce zai haɗa irin wannan taro da katin gayyata da saƙon WhatsApp, to kujeru zai tara.

Na fara da limamin da nake bin sallarsa, dattijo mai karantar da Risala da Muwaɗɗa bayan magariba. Na bari ɗalibai suka watse, na matsa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, da wata shawara na zo." Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya bi ta layi-layi. Bai ce komai ba sai da ya kai wurin da takardar Abu Dabi ta ce bambancin addinai da launuka da harsuna yana cikin abin da Allah ya nufa da hikimarsa. Ya ɗora yatsa a wurin. "Malam, wannan fa? Nufin da ake nufi, na ƙaddara ne ko na yarda? Domin in na yarda ne, ba da ni ba." Ya ce ya ga hotunan da ke yawo a waya na ginin da aka buɗe a Abu Dabi a 2023, masallaci da coci da wurin bautar Yahudawa a fili guda, mutane kuma na cewa sabon addini ake son ƙirƙirowa. In ya zauna a taronmu, gobe wani matashi zai hau mumbari ya ce Malam ya shiga haɗakar addinai.

Ban yi jayayya da shi ba, don damuwar tasa gaskiya ce, kuma shi zai kwana da ita, ba ni ba. Na ce ba mu zo neman kowa ya sa hannu a takardar wani ba. Abin da makon ya tsaya a kai shi ne son Allah da son maƙwabci, ga wanda ma ba ya bin addini an ce son alheri da son maƙwabci. Kowa da addininsa, maƙwabtaka ce ta haɗa mu. Ya ce in ba shi lokaci. Na yi ta komawa, wani lokaci mu yi maganar, wani lokaci gaisuwa kawai. A ƙarshe ya gindaya sharuɗɗansa: ba addu'ar haɗin gwiwa, ba muhawara kan aƙida, ba za a ɗauke shi hoto ba, kuma a tashi kafin azahar. Na karɓa duka.

Abin da ya ba ni mamaki, da abokina ya kai ni wurin wani fasto a Sabon Gari, layin nan dai da Malam ya ɗora wa yatsa shi ma a nan ya tsaya. Ya ce shi ya yi imani hanyar ceto guda ce, ba kuma zai zauna inda za a sa shi ya ce duk ɗaya ne ba. Na gaya masa limaminmu ma haka ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce to ashe za su iya zama. Amma nasa ƙorafin ya wuce nan. Yana yaro a Maris ɗin 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona coci-coci, ya kwana a barikin soja da mahaifiyarsa. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012, da aka tayar da bama-bamai a babban cocin Katolika na Sabon Gari da wata cocin ECWA a Wusasa, ya je ɗaukar waɗanda suka ji rauni. "Malam," in ji shi, "taron zaman lafiya na halarta har na gaji. A ba mu lemo, a ɗauke mu hoto, kowa ya kama gabansa. Shekara da shekaru muna neman izinin faɗaɗa cocinmu, takarda ta shiga ofis ba ta fito ba. In za a bar ni in faɗi wannan, zan zo." Na ce za a bar shi, Baba Fasto, amma ya sani akwai waɗanda za su zo da kisan da aka yi wa Musulmi a Zonkwa a rikicin bayan zaɓen 2011 a zuciyarsu, su ma za a bar su. Ya ce haka ya kamata.

Lokacin da muka zaɓa ma bai taimaka ba. Yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023. A farkon Disamba jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri. A jajibirin Kirsimeti aka kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi. Kowane ɓangare na da gawar da yake kuka a kai. Wani tsohon ɗalibina, yanzu shugaban matasa a masallacinsu, ya tare ni ya ce, "Malam, Majalisar da ta zuba ido ana kashe yara a Gaza, ita ce za ta koya mana zaman lafiya?" Na ce masa ba zan wanke ta ba, ni ma abin na ci mini rai. Amma takardun nan ba na manyan ƙasashe kaɗai ba ne. Ƙasashen Afirka da Asiya da suka sami 'yanci ne suka matsa har aka samu yarjejeniyar 1965, kuma ga Afirka ta Kudu, da ta sha wariya, ita ce ta kai Isra'ila ƙara kotun duniya a ƙarshen Disamba. Bai gamsu ba. Ya dai ce zai zo ya ji, ya kuma zo da abokansa.

Maganar izini ba ta ba mu wahala ba, sai dai a bi ta a tsari. Mai unguwa ya kai mu gaban hakimi. Muka faɗi muka yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo da wata 'yar niyya." Ya saurara, ya sa albarka, ya ce kada a gayyato ɗan siyasa ko ɗaya, kada kuma a kafa lasifika a waje. Muka rubuta wa ofishin 'yan sanda na yankin takarda, suka buga mata hatimi. Wuri kuwa, ba masallaci ba coci: wani mai makarantar kuɗi ya ba mu ɗakin taronsa kyauta. Kuɗin hayar kujeru da man janareta da ruwan leda karo-karo muka yi, kuma kowa ya san yadda aljihu yake tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Mu maza mun ɓata lokaci muna tunanin abinci, wa zai yanka, wa zai dafa, kada wani ya ƙi ci. Da muka kai maganar gaban Hajiyar da ke shugabantar wata Islamiyyar matan aure da Mamar da ke jagorantar zumuntar mata a cocin faston, nan take suka kashe ta. Mama ta ce, "Malam, naman da ke tukunyarmu kullum ai daga hannun mahautan nan na kasuwa yake fitowa." Hajiya ta ce ita za ta yi waina da miyar taushe, Mama ta yi zoɓo da cincin. Ashe ma sun san juna, sun taɓa jinyar yara a ɗaki ɗaya a asibiti. Ra'ayina shi ne da mun fara da mata, da rabin zirga-zirgar nan ba mu yi ta ba, kuma duk wanda zai shirya irin wannan ina ba shi shawara ya fara da su.

Shigar da taron a intanet shi ne mafi sauƙi. Aka cike suna da wuri da rana da ɗan bayani da Turanci, aka tura. Muka ga sunan Zariya a jerin garuruwan duniya da ke da taro a makon.

Ranar Asabar 3 ga Fabrairu muka yi. Gari ya tashi da hazo da sanyi, mutane suka yi ta shigowa a ƙudundune. Musulmi suka zauna hannun dama, Kirista hannun hagu, ba wanda ya ce su yi haka, mu ma ba mu ce su gauraya ba. Liman ya buɗe da addu'a, Kirista suka yi shiru. Fasto ya yi tasa, Musulmi suka yi shiru. Malam ya yi magana kan hijirar sahabbai zuwa Habasha, inda sarki Kirista, Najjashi, ya ba su mafaka, da aya ta 8 a Suratul Mumtahana da ta ce Allah bai hana a kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, a kuma yi musu adalci. Fasto ya karanta labarin Basamariyen nan da ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka yasar a hanya, daga Luka sura 10, sannan ya faɗi maganar filin cocinsu kamar yadda ya ce zai faɗa, ba ragi. Wani dattijo da ya baro Zonkwa a Afrilun 2011 bai koma ba har yau ya miƙe ya lissafa 'yan'uwansa da aka kashe. Muryarsa na rawa, ba wanda ya katse shi.

Abokina ya kawo tarihin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba da juna, Wuye har ya rasa hannu a rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna. Ya ambaci yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wani malamin jami'a daga Samaru ya ɗaga hannu ya ce a tuna wata uku kacal bayan sa hannun aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau. Gaskiya ya faɗa. Sa hannu ba ya hana wuta tashi. Abin da yake bari shi ne mutanen da suka san lambar wayar juna, kuma suke jin nauyin juna, a ranar da ta tashi.

Sai aka zo kan nawa ɓangaren, na wariya. Na fara da Sharpeville: ranar 21 ga Maris 1960 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin dokar takardar izinin yawo, suka kashe mutum 69, shi ya sa a 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar ta yaƙi da wariyar launin fata. Na tuna musu cewa Nijeriya ta daɗe tana riƙe da shugabancin kwamitin majalisar na yaƙi da mulkin wariya, kuma Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, yana cikin waɗanda suka hau kujerar. Na ambaci taron yaƙi da wariya da majalisar ta yi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2001, inda aka bayyana bauta da cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama. Ɗaki ya yi daɗi, kowa na gyaɗa kai, dama da hagu. Zaluncin Bature kan baƙar fata abu ne da ba mu da saɓani a kansa.

Daga nan na karanta musu sashe na farko na yarjejeniyar 1965, wadda Nijeriya ta shiga a 1967, lokacin Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Kwalejin Barewa, yana shugaban ƙasa. Sashen ya ce wariya ita ce duk wani bambantawa ko tauyewa ko fifitawa da aka gina kan launin fata, ko zuriya, ko asali, ko ƙabila. Na ƙara da sashe na 42 na kundin tsarin mulkinmu na 1999, da ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito ko addininsa ko yanayin haihuwarsa. Na tambaya ko akwai wanda wannan ya taɓa a Zariya.

Wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo ya miƙe, da Hausarsa ta Zazzagawa tsantsa. "Iyayena, Allah ya ƙara girma. A Sabon Gari aka haife ni." Ya ce mahaifinsa ya gudu a 1966, ya dawo bayan yaƙi, ya tarar maƙwabcinsa Bahaushe ya riƙe masa gidansa, har ya damƙa masa kuɗin hayar da ya tara masa. Saboda haka shi ba zai taɓa zagin garin nan ba. Amma 'yarsa, jikar wannan mutumin, da ta zo neman gurbin karatu aka ce ta kawo takardar shaidar asali, a nan aka ce ba 'yar nan ba ce, a can garin kakanta kuma aka ce ba a san ta ba, ko yaren ba ta iya sosai. "To 'yar ina ce?" Bai zauna ba wani matashi da ya yi acaba a Legas ya karɓe, ya ba da labarin yadda ake tare su a tambaye su me suka zo yi ƙasar mutane, da yadda ya kwana a ɓoye lokacin rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021 don yana da ɗan'uwa a can. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta biya kuɗin ɗaki a wata unguwa, da mai gidan ya ji sunanta ya mayar mata da kuɗinta. Wani ɗalibi Musulmi ya ce shi ma an yi masa haka a wata unguwar, da aka ga gemunsa. Abokina ya ce shi kuma tun yana yaro yake amsa tambaya guda: ta yaya Bahaushe zai zama Kirista? A cikin birni ana ganin ya bar gida, a wasu coci-cocin kuma ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri, alhali daga Wusasa aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, kuma makarantarta ce ta yaye Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Wadda ta fi girgiza ɗakin Hajiya ce. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, amma mu ma a cikin gida fa? Auren yara nawa aka fasa a garin nan don an bincika an ce yaron ɗan mahauta ne, ko ɗan wanzamai, ko an ce kakanninsa bayi ne? Dukkansu Musulmi, sahu ɗaya suke bi." Wani dattijo ya ce a'a, wannan binciken asali ne, kuma shari'a ta san da dacewa tsakanin ma'aurata, kada a kawo mana dokar Turawa cikin aurenmu. Na so in ce kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar a Janiba ya bayyana tun 2002 cewa wariyar da ake gada ta hanyar zuriya tana cikin abin da aka hana, amma Malam ya riga ni, kuma gara da ya riga ni. Ya juya ga dattijon ya ce, "Alhaji, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ake dubawa addini ne da hali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu wanda 'yantaccen bawa ne. A huɗubar ban kwana ya ce Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Ba Bature ya kawo wannan ba." Alhaji bai ce ya yarda ba, amma bai sake magana ba. Fasto ya ce su ma kada su ɓoye, a cikin coci akwai iyayen da ke hana aure don wannan Bajju ne wancan Atyap, ko wannan Bayarabe ne.

Wannan sa'a guda ita ce ta biya mu wahalarmu. Kafin ta, dama na magana hagu na saurare, sannan a juya. A cikinta kuwa, wanda aka hana ɗaki da wanda ya taɓa hanawa duk suna kowane ɓangare, kowa kuma ya san haka. Na tabbata da mun ce taron kan asali da haya da takardar ƙaramar hukuma ne, da ba wanda zai zo, hakimi ma da zai ce a dakata. Sunan Majalisar Ɗinkin Duniya da na Azhar da na Fafaroma su suka ba mu dalilin ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da aka faɗa bayan an buɗe kuwa, duk namu ne na gida.

Muka tashi kafin kiran azahar kamar yadda aka yi alkawari. Aka ci waina a tsaitsaye. Na ga Malam da Fasto a bakin ƙofa, wani yaro na sa wa Malam lambar faston a wayarsa.

Rahoton ya ɗan ba mu aiki. Da Turanci muka rubuta, aka haɗa da hotunan waɗanda suka yarda a ɗauke su, Malam ba ya ciki. Mun yi shawara kan ko a sa maganganun mutane, muka yanke cewa ba za a sa sunan kowa ba, labarin dattijon Zonkwa kuma sai da muka koma muka nemi izininsa. Sarkin Jodan na ba da kyauta ga taruka uku da suka fi fice kowace shekara, kuma a 2013 cibiyar su Ashafa da Wuye ce ta zo ta ɗaya. Mu ba mu samu ba, ba kuma wanda ya sa rai.

A watan Maris azumin Ramadan ya haɗu da azumin Kirista na kwana arba'in. Matan cocin suka aika wa Islamiyyar Hajiya da gero da sukari, ita kuma da Ista ta zo ta aika musu da kaji. Muka nemi izinin iyaye mu kai ɗalibai su ga tsohuwar cocin Wusasa da ƙofar fada. Wasu iyayen, ta kowane ɓangare, sun ƙi sa hannu, ba mu matsa musu ba, muka tafi da waɗanda aka bari. Tsohon ɗalibin nan nawa har yanzu yana kan bakansa game da Majalisar Ɗinkin Duniya, amma shi ke riƙe da zauren WhatsApp da muka buɗe don tantance jita-jita, kuma ba ya barin hoton gawa ya kwana a ciki ba a san daga ina ya fito ba.

Takardar filin cocin tana nan inda take. Malam ya yarda a sa sunansa a wasiƙar tuni da za a kai, abin da ban zaci zai yi ba, amma ya ce sai ya ga taswirar filin da idonsa, ya kuma ji ta bakin maƙwabtan wurin. Maganar 'yar ɗan kasuwar nan ta fi ƙarfinmu, don gyaranta sai an taɓa doka, mun dai haɗa shi da wani lauya da ya halarci taron. Batun haya shi muka ga za mu iya: mai unguwa ya amince ya tara masu gidajen haya da dillalai a ƙofar gidansa, Hajiya da Mama za su zo da ma'aikaciyar jinyar da ɗalibin nan su faɗi abin da ya same su da bakinsu. Fasto ya ce sai ya ga abin da wannan zaman ya haifar kafin ya ce zai sake zuwa a Fabrairu mai zuwa.